Ƙara wa tuba bawul na biyar: lissafin da ke jawo shi da abin da aikin ke ci

Tuba ita ce babban ƙahon tagullar nan da ake rungumewa a ƙirji, wanda ke riƙe da ƙasan kiɗa a badujala da okestira. Mabushin da ya daɗe da ita, wata rana sai ya dubi bawul huɗun da ke ƙarƙashin yatsunsa ya ce da ma biyar ne. Galibi sauti ɗaya ko biyu ne can ƙasa suke jawo wannan tunani. Duk yadda ya danna, sautin ya ƙi zama a gurbinsa, ko ya haura ko ya zarce ƙasa. Daga nan sai maganar kai ƙahon wurin mai gyara ta taso, a yanka bututu a dasa sabon bawul. Aikin yana yiwuwa, kuma akwai masu yin sa da kyau ƙwarai. Sai dai magani ne na ciwo guda takamaimai, kuma wanda bai tantance ciwonsa ba yana iya biyan kuɗi mai yawa a taɓa masa ainihin abin da ya sa yake ƙaunar ƙahon.

Ƙahon da ba shi da bawul, kamar begilar soja, 'yan sautuka ƙalilan yake bayarwa, da giɓi mai faɗi a tsakaninsu. Tsawon bututu ne ke yanke hukuncin waɗanne sautuka ne, kuma duk yadda bututu ya ƙara tsawo, sauti ƙasa yake yi. Bawul, wanda Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi wa rajista a Berlin a 1818, aikinsa ɗaya ne: idan an danna shi sai ya karkatar da iska ta bi wani ƙarin bututu kafin ta dawo kan hanya. Tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na ƙasa an raba ta rabin taki 12. Bawul na biyu yana saukar da sauti rabin taki ɗaya, na farko biyu, na uku uku. A takarda, idan ka haɗa su za ka sami har rabin taki shida.

A nan matsalar take. Saukar da sauti rabin taki ba ya buƙatar wani tsayayyen adadin santimita. Abin da yake buƙata shi ne kashi 5.95 cikin 100 na tsawon bututun da iska ke bi a wannan lokacin. Ƙyallen da zai sauko da rigar yaro zuwa gwiwa, idan aka ɗinka shi a rigar babba ba zai kai ta ko'ina ba. Kowane bawul an yanka bututunsa ne da awon ƙahon a buɗe, ba a danna komai ba. Da zarar ka danna ɗaya, ƙahon ya yi tsawo, sauran kuma sun zama gajeru a gare shi.

Ana kiran kowace tuba da harafin sautin da take bayarwa a buɗe. Mu ɗauki tubar C, wadda tsawon bututunta ya kai kimanin mita 4.9. Bututun bawul na biyu zai zama kusan santimita 29, na farko 60, na uku 93. Danna ukun tare, ka ƙara santimita 182. Amma saukar rabin taki shida na neman ƙarin kashi 41.4 cikin 100, wato santimita 203. An sami giɓin santimita 21. Masu auna sauti suna raba rabin taki gida 100, suna kiran kowane gida sent, kuma wannan giɓi yana sa sautin ya haura da fiye da sent 50. Ya fi rabin hanya zuwa sautin da ke sama da shi. Haɗin na farko da na uku yana haurawa da kusan sent 30, haɗin na biyu da na uku da kusan 15. Shi ya sa maƙera kan yanka bututun bawul na uku da ɗan tsawo fiye da lissafi, don a raba kuskuren kada ya taru wuri ɗaya. Alƙaluman nan na takarda ne, kowane ƙaho yana da nasa hali, amma duk ta wannan fuska suke karkata.

Bawul na huɗu ya zo ya share hawaye da yawa. Shi kaɗai yana saukar da rabin taki biyar daidai, da bututun santimita 164 a ƙahon da muke misali da shi, don haka ya maye gurbin haɗin na farko da na uku. Haɗa shi da na biyu kuma ya fi danna ukun farko daɗin ji, ko da yake shi ma yana haurawa da kusan sent 25. Ya kuma buɗe hanya zuwa sautukan ƙasa da ƙaho mai bawul uku ba ya kaiwa. Wanda ƙahonsa ke da uku, ba shi da wata muhawara: na huɗu ne bukatarsa, idan ƙahon ya cancanci a kashe masa kuɗi.

To amma na huɗun da kansa ya ƙara girman tsohuwar matsalar. Idan an danna shi, ƙahon ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, bawul ukun farko kuwa suna nan da awonsu na da. Haɗa na huɗu da na farko, wanda ya kamata ya ba da rabin taki bakwai, sai ya ba da shida da rabi, ya tsaya cak a tsakiyar sautuka biyu, bai zama wannan ba bai zama wancan ba. Danna duka huɗun kuwa, maimakon goma sha ɗaya, abin da ake samu bai wuce tara da 'yan kai ba. Ana buƙatar ƙarin santimita 435 don a kai rabin taki 11, huɗun a haɗe suna ba da 346. Kusan mita guda ya ɓace. Saboda haka a ƙaho mai bawul huɗu na yau da kullum, sautin da ke dab da saman sautin tushe, wato mafi ƙasan sautin da ƙahon ke bayarwa a buɗe, babu shi sam a yatsu, na kusa da shi kuma sai da jan bututu da murɗa leɓe.

Bawul na biyar na zamani an yanka shi ne don ya toshe wannan rami. Tsawonsa shi ne tsawon da bawul na farko zai kasance da a ce an ƙera shi don ƙahon da aka riga aka danna wa na huɗu. A tubar C kimanin santimita 80 ke nan, inda na farko yake 60. Idan an danna shi shi kaɗai yana saukar da fiye da cikakken taki, shi ya sa mabusa ke ce masa taki mai tsawo. Amfaninsa a haɗi yake fitowa. Na huɗu da na biyar suna ba da rabin taki bakwai cif. Na biyu da na uku da na biyar suna ba da shida, har sun fi haɗin na biyu da na huɗu dacewa. Na uku da na huɗu da na biyar suna sauka kusa da tara. Duka biyar ɗin suna ba da santimita 426, saura tara kacal a kai 435, abin da leɓe zai cike ba tare da wahala ba. Hanyoyin dannawa kuma sun tashi daga 16 zuwa 32, wanda ke nufin har a tsakiyar ƙaho mabushi ya sami wata hanyar kama sautin da ya saba yi masa gardama. Akwai tsofaffin ƙahoni da aka yanka na biyar ɗinsu ya saukar da kusan cikakken taki biyu, kuma har yau akwai masu son hakan, amma taki mai tsawon nan shi ya fi yawa yanzu. A tubar F kuma akan ƙara na shida, rabin taki mai tsawo, wanda yake yi wa bawul na biyu abin da na biyar ya yi wa na farko.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tubar farko da Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi wa rajista a Berlin a 1835 tubar F ce, kuma bawul biyar gare ta. Ƙahonin bawul uku da suka cika makarantu da faretin soja sun yaɗu ne saboda sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka.

Abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci kafin a ɗauki zarto shi ne a tambayi wane sauti ne ke zaune a wannan rami na rabin taki bakwai, domin ya danganta da irin ƙahon. A tubar B♭, mai tsawon kusan mita 5.5, sautin E♭ ne na can ƙasa, wanda ba kasafai ake rubuta shi ba. F na ƙasa, wanda mawallafa kiɗa ke yawan nema, bawul na huɗu shi kaɗai ke ba da shi a wannan ƙaho. Mai tubar B♭ yana iya shekaru bai ji rashin na biyar ba. A tubar C kuwa, wannan F ɗin ne ya faɗa cikin ramin. A tubar F, mai tsawon kusan mita 3.7, B♭ ne ya faɗa, sautin da ake busawa kusan a kowane shafi. A tubar E♭ kuma A♭ ne. Don haka tubar C mai bawul huɗu tana da dalili mai ƙarfi na neman ƙari, tubar F mai huɗu ma ta fi ta. Mai B♭ da yake son na biyar, ya fara buɗe takardun kiɗan da yake busawa ya ƙirga sau nawa yake sauka can.

Idan an yanke shawarar yi, tambaya ta gaba ita ce a ina za a dasa shi, kuma a nan ne masu gyara suke rabuwa.

Hanya ta farko ita ce a sa shi a kan babbar hanyar iska, ya zama mai zaman kansa, ana iya danna shi ko da ba a taɓa sauran ba. Wasu suna sa shi a wuyan ƙaho, tsakanin bakin busa da bawul na farko. Wasu suna sa shi bayan na huɗu, kusa da babban bututu mai zugewa wanda ake saita ƙahon da shi. Ko ina aka zaɓa, iska za ta riƙa ratsa jikin sabon bawul ɗin a kowane sauti, an danna ko ba a danna ba. Jikin bawul da mahaɗansa suna da tsawo. A ce santimita 5 ne: a ƙahon mita 4.9 wannan ya isa ya saukar da kowane sauti da kusan sent 18. Dole a yanke daidai wannan tsawo daga wani wuri, kuma ba kowane ƙaho ke da rarar da za a yanka ba. Wanda babban bututunsa mai zugewa tun asali yake tura shi har ƙarshe kafin ya daidaita da sauran makaɗa, ba shi da inda zai rage.

Akwai abin da ya fi wannan wuyar ganewa. Bututun tuba yana buɗewa ne a hankali tun daga bakin busa har zuwa ƙaton bakin ƙarshe, kuma yadda yake buɗewar nan ne ke tsara inda kowane sauti zai zauna da irin muryar ƙahon. Ramin da ke cikin bawul kuwa faɗinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. Dasa bawul yana nufin an cire wani yanki mai buɗewa an maye shi da yanki miƙaƙƙe. A wuyan ƙaho, inda bututun yake siriri kuma yake saurin buɗewa, ƙaramin canji yana iya sauya yadda sauti ke kamawa a leɓe. Bayan bawul na huɗu bututun ya fi faɗi, don haka sai an nemo bawul mai rami mafi girma. Ramin bawul a yawancin tuba yana tsakanin milimita 17 zuwa 21, kuma idan aka sa wanda ya fi wurin ƙanƙanta sai ya zama maƙogwaro, mabushi ya riƙa jin iska na turje masa. Idan ya fi wurin girma kuma an bar tudu a cikin bututu. Wani lokaci sakamakon yana yin kyau, har mabushi ya ce ƙahon ya fi da kamuwa. Wani lokaci kuma sautin da yake lafiya lau a da sai ya fara rawa. Babu mai gyaran da zai iya rantsewa tun kafin ya kunna wuta, kuma wanda ya rantse, ni dai ba zan bar masa ƙahona ba.

Hanya ta biyu ita ce a dasa shi a cikin bututun bawul na huɗu. Iska ba za ta gan shi ba sai an danna na huɗun. Babbar hanya ba a taɓa ta ba, ƙahon a buɗe yana nan yadda yake, bawul ukun farko ma haka. An sami F na ƙasa da duk sautukan da ke biye da shi. Abin da aka rasa shi ne haɗin na biyu da na uku da na biyar, da sauran dabarun tsakiyar ƙaho, tunda na biyar ba ya aiki shi kaɗai. Ga wanda ke son muryar ƙahonsa kuma ramin ƙasa ne kawai damuwarsa, wannan ce hanyar da zan nuna masa. Idan bai ji daɗin ta ba, mayar da ƙahon yadda yake ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman idan an ajiye guntayen da aka cire.

Kusan kullum sabon bawul ɗin mai juyawa ne, ko da sauran huɗun fistin ne, wato masu hawa da sauka a ƙarƙashin yatsa, domin mai juyawa ana iya ajiye shi nesa da hannu a haɗa shi da madanni ta sanda ko igiya. Fistin huɗu da mai juyawa ɗaya shi ne tsarin manyan tubar C da yawa a Amurka, waɗanda ake kwaikwayon su daga ƙahon kamfanin York da Arnold Jacobs ya busa a okestirar Chicago, inda ya yi aiki daga 1944 zuwa 1988. Yawancin mabusa suna son madannin a babban yatsan dama, don hannun hagu ya sami sararin jan bututun bawul na farko. Amma babban yatsan nan shi ne madogarar sauran huɗun. Idan aka sa madannin inda sai an miƙa shi, ko sifirin ya yi tauri, hannu zai gaji, gudun yatsu ya ragu. Ya kamata mabushi ya zauna da ƙahon a gaban mai gyara a auna wurin da hannunsa kafin a liƙa komai.

Aikin da kansa na wuta ne da haƙuri. Ana narkar da dalmar mahaɗai a zare bututu, a lanƙwasa sababbi bayan an gasa su sun yi laushi an cika cikinsu da abin da zai hana su motsewa, sannan a liƙa su da madogarai ba tare da an tilasta wa kowane gunta zama ba. Guntun da aka matsa da ƙarfi aka liƙa yana iya jan gidan bawul ya karkace, bawul ya riƙa maƙalewa. Wuta tana ƙona shafen ƙyallin da ke jikin tagulla, don haka tabo zai fito sai an sake shafawa. Ruwan azurfa ya fi jure zafi, amma dalmar da ta malala a kansa ba ta goguwa da sauƙi. Sabon bututun santimita 80 yana tara ruwan numfashi, dole a yi tunanin ta inda za a zubar da shi. Nauyi ya ƙaru, kuma idan ya taru gefe ɗaya ƙahon zai riƙa rinjaya a cinya. Na ga ana mantawa da abu mafi sauƙi: ƙahon da ya yi ƙari sau da yawa ba ya komawa cikin akwatinsa.

Kafin duk wannan a duba lafiyar bawul huɗun da ke nan. Idan sun sassake suna zubar da iska, sautukan ƙasa ne suka fi shan wahala, domin iska na ratsa bawul da yawa a lokaci guda. Mutum sai ya ɗauka rashin na biyar ne ke damunsa, alhali yoyo ne. Dasa sabon bawul a kan tsofaffi masu yoyo asarar kuɗi ce.

Akwai kuma hanyoyin da ba sa buƙatar yanka. Mabusa da yawa suna sa a goge bututu mai zugewa na bawul na farko har ya riƙa tafiya da ɗan taɓi, su ja shi da hagu idan sun zo F na ƙasa. Tunda bututun lanƙwashe yake gida biyu, jan santimita 10 yana ba da ƙarin 20, daidai bambancin da ke tsakanin 60 na bawul na farko da 80 na na biyar, in dai yana da tsawon da zai jawu haka bai fita ba. A kiɗa mai tafiya a hankali wannan ya wadatar, a mai sauri ne hannu ke kasa cim ma sautin. Wasu suna sa madanni a babban bututun saiti. Manyan ƙahoni kuma suna da wasu sautuka na ƙasa da leɓe ke iya kamawa a wajen jerin da aka sani, kuma wanda ya ƙware da su yana cike ramin ba tare da ƙarin ƙarfe ba, ko da yake muryarsu ta ɗan bambanta.

Ingila ta bi wata hanya daban tun tuni. David Blaikley na kamfanin Boosey ya yi rajistar tsarin cike giɓi a 1878: idan an danna bawul na huɗu, iska tana sake komawa ta cikin ukun farko ta bi wasu ƙananan bututai na ƙari, sai tsawon ya gyara kansa ba tare da mabushi ya koyi sabon dannawa ba. Shi ne tsarin ƙahonin E♭ da B♭ na badujalar Birtaniya har yau. Kuɗin da ake biya shi ne iska tana yawan kwana, ƙasan ƙaho ya ɗan toshe. Wanda ke da irin wannan ƙaho ba ya buƙatar na biyar. Wanda ba shi da shi kuma ba zai iya ƙara tsarin da sauƙi ba, sai an sauya gidan bawul gaba ɗaya.

Batun daraja shi ne na ƙarshe da mutane ke tunawa, kuma bai kamata ya zo a ƙarshe ba. Aiki mai tsabta a kan tubar C ko F ta zamani yakan sa ta fi saurin samun mai saye, ko da kuɗin aikin bai dawo duka ba. A kan ƙaho mai araha na 'yan koyo, kuɗin bawul da sanduna da ladan mai gyara yana iya kusantar darajar ƙahon kansa, gara a sayar a cika a sayi mai biyar tun daga masana'anta, wanda aka tsara buɗewar bututunsa da sanin bawul ɗin yana nan. Tsofaffin ƙahonin da suka rage 'yan kaɗan a duniya kuwa, ina roƙon masu su da su yi dogon tunani, kada garin gyaran gira a rasa ido. Bututun da aka yanke daga ƙahon da ya shekara ɗari ba ya komawa yadda maƙerinsa ya bar shi. Idan dole ne a ƙara masa, a sa a cikin bututun na huɗu, a kuma adana kowane gunta da aka cire tare da ƙahon, don mai shi na gaba ya sami zaɓi.